Kafin A Cike Fom Ɗin Jami'a, A Leƙa Sharaɗa Da Challawa

Duk shekara idan hukumar JAMB ta fara sayar da fom, akwai muhawarar da ke tashi a gidajen Kano bayan sallar isha'i. Uba yana son ɗansa ya zama likita, domin bai taɓa ganin likita yana yawo da takardun neman aiki ba. Uwa ta fi son aikin lauya, ko dai wani abin da za a zauna a ofis. Kawu, wanda ya sha karatun zaure, yana ganin in ba Larabci ko Shari'a yaron zai karanta ba, to duniya kawai aka tura shi nema. Shi kuwa mai fom ɗin yana gefe, kansa a sunkuye. Iyakar abin da ya sani shi ne abokinsa ya cike kimiyyar kwamfuta. Daga ƙarshe makin jarrabawa ke raba gardama. A ba shi gurbin da ya rage, ya karɓa, ya shekara huɗu yana karanta abin da babu wanda ya zaɓa a cikinsu.

Abin da ba a cika ji ba a irin wannan zama shi ne tambayar da malamai suka yi tun ƙarnoni da dama: wane ilimi ne garin nan yake ƙarancin masu shi?

Malamai sun kasa ilimin da ya wajaba gida biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi: ya san Ubangijinsa, ya san tsarkinsa da sallarsa da azuminsa, ya san hukuncin duk harkar da zai shiga kafin ya shige ta. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Imamu Gazzali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya sanya likitanci da lissafi a wannan kashi na biyu a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki. Har ya yi kukan cewa a zamaninsa ana samun gari cike da masu zurfafa bincike a rassan fiƙihu, alhali babu Musulmi ko ɗaya a cikinsa da ya iya likitanci. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya tabbata kowane gari yana da nasa.

Idan haka ne, zaɓen kwas ba lamari ne da ke wajen addini ba, kuma duba makomar aiki ba kwaɗayin duniya ba ne. Sai dai kafin mutum ya san gurbin da babu kowa, sai ya je ya gani. A Kano, wurin ganin bai wuce tafiyar adaidaita sahu ba: Bompai, Sharaɗa da Challawa.

Kano ta yi suna da sana'ar hannu tun kafin zuwan inji. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da dukanci, da yadda kayan Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Layin dogo ya iso a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi, aka fara kafa masana'antu a Bompai tun ƙarshen mulkin Turawa, daga baya aka keɓe Sharaɗa da Challawa. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, Legas ce kaɗai ke gaban Kano a yawan masana'antu. Akwai masaƙu, da majemu, da kamfanonin alawa da mai da robobi da takalma, kuma jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwannin da ke kewaye.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta taɓarɓare, atamfofin waje suka cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har wasu gine-ginensu suka koma rumbunan ajiye kayan da aka ƙera a Sin.

Akwai darasi a nan wanda duk mai riƙe da fom ya kamata ya ji daga bakin dattawan da suka yi aiki a wancan lokaci. Ranar da aka rufe ƙofa, ma'aikata ba su fita daidai ba. Wanda ya iya naɗin injin lantarki, ko walda, ko gyaran tukunyar tururi, ko riƙe littafin kuɗi, ya ɗauki iyawarsa ya kai ta wani wuri, wani ma ya buɗe shagon kansa. Wanda iyakar saninsa tsayuwa gaban inji guda ne, ya koma gida hannu rabbana. Saboda haka ba ina cewa masana'antun nan na jiran ɗanka da takardar ɗaukar aiki ba ne. Da yawansu suna ɗaukar leburorin wucin gadi ne kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Abin da nake cewa shi ne, matsalolin da ke damun su suna nuna ilimin da garin ke nema, kuma ilimin da ke warware matsala ba ya mutuwa da mutuwar kamfani.

Ɗauki wuta. Babu mai masana'anta a Sharaɗa da za ka zauna da shi ba tare da ya kawo zancen kuɗin KEDCO da na man janareta ba. Wasu sun fara komawa hasken rana, wasu na sa ran bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ko ta ina wutar ta zo, sai an sami wanda zai girka, ya lissafa nauyin da layi zai ɗauka, ya gano inda take zurarewa. Injiniyan lantarki da na inji da suka san aikinsu da hannu, bayan sanin allo, ba su cika zama ba aiki a gari irin wannan ba. A wasu kamfanonin har yau, idan babban inji ya tsaya, sai an jira ƙwararre daga Legas ko daga wata ƙasa. Wannan jiran shi ne giɓin da Gazzali ya yi kuka a kai, ya sake kama ne kawai.

Sai fata, wadda ita ce ta fi daɗewa tana ɗaga sunan Kano. Fatar jan akuyar ƙasar Hausa ce ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Yau majemun Challawa da Sharaɗa na sarrafa fatu masu yawan gaske, amma kaso mai tsoka na fita ne kafin a mayar da shi takalmi ko jaka. A ƙarasa aikin a Italiya ko Sifen ko Sin, ribar ƙarshe ta zauna can. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata da fasahar kimiyya, NILEST, wadda ke ba da difloma a wannan fanni. Gidaje nawa ne a Kano, garin majema da dukawa, suka taɓa ambaton sunanta a zaman cike fom? Muna ganin jima aikin wari ne, alhali masanin sinadaran jima na cikin mutanen da majema ba za ta yi yini guda babu su ba.

Jimar zamani kuwa tana da wutsiya mai tsawo, kuma nan ne zancen ya fi shafar mai alwala. Ana jeme fata da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyom, kuma ruwan da ya fito daga ganga yana ɗauke da shi. Dagwalon Sharaɗa na bin rafin Salanta, ya haɗu da na Challawa a kogin da garin ke ɗibar ruwan sha daga gare shi. Na Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu. Yaron da ya karanta Ishmawi ko Iziyya ya san ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu ba a tsarki da shi. Amma akwai gubar da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Wa zai auna ta? Wa zai tsara matatar da za ta tsare ta kafin ta shiga kogi, ya kuma tabbata ana kunna matatar ba ado aka ajiye ta ba? Ɗalibin kimiyyar sinadarai, da na kimiyyar muhalli, da injiniyan ruwa. Ban san wata farilla ta kifaya da ta fi wannan fitowa fili a Kano ba, kuma kwasa-kwasan nan su ne waɗanda yara ke karɓa da ɓacin rai idan makinsu bai kai na likitanci ba.

Haka abin yake a kamfanonin abinci, masu niƙa fulawa da tatsar mai da casar shinkafa da haɗa lemo. Kowanne na buƙatar ɗakin gwaji da zai gamsar da NAFDAC da SON. Wannan aiki ne da 'ya'ya mata da suka karanta kimiyyar abinci ko ta ƙananan halittu za su iya riƙewa cikin mutunci, kuma iyayen da ke ganin iyakar hanyar mace ita ce koyarwa ko jinya ya kamata su san da shi.

Mu koma ga kawu, domin maganarsa ba ta faɗi ƙasa duka ba. Garin da ya rasa malamai ya fi wanda ya rasa injiniyoyi shiga uku. Sai dai a tambayi mai son karanta Shari'a ko nazarin addinin Musulunci: wane gurbi za ka cike? Masu wa'azi ba su yi ƙaranci a Kano ba, alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne malaman da za su zauna da littafin kuɗin kamfani su fitar da zakkarsa daidai, su bambance kayan sayarwa da injinan aiki, su raba gādon hannun jari, su duba yarjejeniyar ƙwadago su ce nan an danne haƙƙin lebura. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa mu'amala da riba suka biyo baya, ana neman wanda ya haɗa fiƙihun mu'amala da ilimin akanta, kuma Jami'ar Bayero na da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Annabi Yusuf (AS), da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, abu biyu ya ambata game da kansa, riƙon amana da sanin aikin, kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin surar da ke ɗauke da sunansa.

Akwai kuma batun raina kwalejin fasaha. Gaskiya ne mai babbar difloma ya daɗe yana fuskantar bambanci a aikin gwamnati idan aka gwada shi da mai digiri, kuma zalunci ne. Amma inji bai san wannan bambanci ba. Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba, yakan fito da hannu mai laushi a kan aiki fiye da wanda ya jira shekara uku a gida yana sake JAMB don neman likitanci. Annabi Dawud (AS) sarki ne, amma daga sulken da yake ƙerawa yake ci. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Girman kan da ke hana mu ganin darajar rigar aiki mai maiƙo, ba daga can muka gado shi ba.

Wani abin da iyaye kan makara a kai shi ne, zaɓen ba ranar cike fom ake yin sa ba. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, da aka raba yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, an riga an rufe wasu ƙofofi. Wanda ya bar lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai a nan, ba zai shiga tsangayar injiniya ta Bayero ko ta Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ba, komai son da yake yi daga baya. Haka kuma tilasta wa yaron da lissafi ba ya shiga kansa ya karanta injiniya cutarwa ce. Farilla ta kifaya tana hawa kan mai iko ne, kuma kowa da abin da aka sauƙaƙe masa.

Sunna ta koyar da istihara, ta kuma koyar da shawara, kuma shawara da wanda ya san abu ake yi. Kusan kowace unguwa a Kumbotso da Gwale da Nasarawa tana da mutumin da ya shekara ashirin yana shiga ɗaya daga ƙofofin nan. A kai masa yaron bayan la'asar. Ya tambaye shi wane ma'aikaci ne idan ya yi fashin kwana ɗaya kamfani ke tsayawa, me mutumin ya karanta, a ina, kuma nawa ake biyan sa. Ya tambaye shi ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973, su wane ne ake riƙewa bayan sun gama, su wane ne ake sa wa hannu a littafi a sallame su. Bayan nan ya yi raka'a biyunsa, ya ɗauki fom.