Masu gyaran muryar kayan kiɗa: daga akwatin piyano zuwa gogen Kurfai

In ana biki ko taron sarauta, idon kowa na bisa makaɗi, shi ake yi wa kari, shi ake yabo. Amma kafin kiɗa ya tashi akwai wani aiki da ake yi a gefe guda, wanda in ba a yi shi ba, kome ƙwarewar makaɗi kunne ba zai ji daɗi ba. Wannan aiki shi ne gyaran muryar abin kiɗa: a ɗaure tsarkiya, a miƙe fata, a saurara, a sake ɗaurewa, har amo ya zauna inda ya kamata. A ƙasashen Turai sana'a ce mai cin gashin kanta, da makarantunta da takardar shaidarta, musamman wajen piyano. A ƙasar Kurfai da Imanan, cikin gundumar Filinge ta jahar Tilaberi, ana yin irinta tun kaka da kakanni ba tare da takarda ba. Yau za mu duba su duka biyu, domin mu san abin da muke da shi, da abin da ke shirin kuɓuce mana.

Abin da ke cikin akwatin

Wani Baitaliye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago piyano a birnin Falorans wajen shekara ta 1700. Piyanon zamani yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. In an danna maɓalli, wata ƴar guduma mai lulluɓin ulu ce ke tashi ta bugi tsarkiyar ƙarfe. Tsarkiyoyin nan sun kai wajen 230, domin yawancin muryoyin tsarkiya uku-uku ce ke ba da su, manyan muryoyi na ƙasa kuwa ɗaya ko biyu. In aka haɗa ƙarfin jan da suke yi gaba ɗaya, ya kai kimanin tan 18 zuwa 20, shi ya sa ake ɗaure su bisa ƙashin baƙin ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai wani allon katako marar kauri wanda ke ƙara ƙarfin amo, kamar yadda ƙwarya ke yi wa goge.

Kowace tsarkiya tana naɗe a jikin ƙusarta. Mai gyara, wanda Faransawa ke ce wa accordeur, yana zuwa da makulli mai dogon hannu, da ƴan tsummokin ulu ko roba na toshe tsarkiya, da wani ɗan ƙarfe mai ƙaho biyu wanda in an buga shi yake ba da murya guda tak. Wani Bature ɗan Ingila, John Shore, shi ya ƙago ɗan ƙarfen nan a 1711. Muryar da yake bayarwa ita ce ma'auni. Da can kowane gari da nasa ma'aunin. Faransa ta tsai da nata a 1859, wato girgiza sau 435 cikin daƙiƙa guda, sa'an nan wani taro da aka yi a Landan a 1939 ya amince da 440, kuma shi ne ya bazu a duniya.

Yinin mai gyara

Mai gyara yakan fara da tsakiyar piyano. Sai ya toshe tsarkiya biyu cikin uku, ya daidaita ta ukun da ma'auni, kana ya buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya. In tsarkiya biyu sun kusa daidaita amma ba su daidaita ba, amonsu yakan riƙa kaɗawa, yana tashi yana sauka. Wannan kaɗawa ita ce abin da kunnensa ke farauta. Yana juya makulli kaɗan-kaɗan, abin da bai kai kaurin gashi ba, kaɗawar na raguwa, har ta kwanta.

Wahalar tana gaba. Turawa sun raba tsanin kiɗansu gida 12 daidai wa daida, kuma lissafi bai yarda a yi wannan rabo kowace tazara ta fito tsaf ba. Saboda haka dole mai gyara ya bar ƴar kaɗawa da gangan a wasu wurare, ya ƙidaya ta da kunne, ya rarraba ta ko'ina don kada ta taru wuri ɗaya ta yi muni. Aikin piyano guda yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, cikin ɗaki shiru, ana bugun murya ɗaya sau da yawa har masu gida su gundura. Ban da wannan akwai sauya tsarkiyar da ta tsinke, da sassauta ulun guduma da allura in ya taurare, da daidaita dubban ƴan sassa na katako da fata. Piyanon gida ana gyara shi sau ɗaya ko biyu a shekara, na babban zauren wasa kuwa kafin kowane wasa.

Da yake sana'ar kunne ce, makafi sun yi fice a cikinta. Claude Montal, wanda aka haifa a Faransa a 1800 ya kuma makance tun yana yaro, ya yi karatu a makarantar makafi ta Pari, inda Louis Braille ma ya yi. Can ya kwance tsohon piyano ya sake haɗa shi. A 1836 ya wallafa littafi kan daidaita muryar piyano, ya kuma kafa masana'antarsa, ya rasu a 1865. Bayansa aka buɗe wa makafi ƙofar wannan sana'a a ƙasashe da dama. A Faransa akwai makarantar ITEMM a birnin Le Mans, inda ake koyar da ita a ba da takardar shaida.

Iskar ƙasarmu

Babban abokin gabar mai gyara shi ne sauyin yanayi. Katako na shan laima ya kumbura, ya kuma bushe ya tsuke. Masu ƙera piyano na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. A yammacin Nijar kuwa, cikin watan Maris takan faɗi ƙasa da kashi 20, cikin watan Agusta ta haura 70. Da damina allon amo ya kumbura murya ta hau, da hunturu da bazara ya tsuke murya ta faɗi, ƙusoshi su yi sako-sako, wani lokaci allon ya tsage. Ga ƙura, ga gara. Wannan na cikin dalilan da suka sa piyanon katako bai yi saiwa a ƙasarmu ba, aka karkata ga na lantarki. Tun 1978 Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗan orginsa na lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kiɗan da aka daɗe ana ji tsakanin shirye-shirye, wanda kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013. Piyanon lantarki ba ya bukatar gyaran murya. In ya lalace, wurin mai gyaran rediyo ake kai shi.

Iskar nan da ke wahal da piyano, da ita makaɗan Kurfai ke kokowa kullum, kuma sun san makamarta.

Goge, kalangu da tende

Filinge na da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kafin a kai can ana ratsa Bonkuku, hedkwatar Imanan, cikin kwarin Dallol Boso. Ƙasa ce da Kurfayawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani ke zaune tare, kowa da kayan kiɗansa. A nan makaɗi shi ne maƙerin kayansa, shi ne kuma mai gyara su.

Mu ɗauki goge, wanda Zabarmawa ke ce wa goje. Da kaka ake zaɓen ƙwarya mai kauri wadda ba ta da tsaga. A jiƙa fatar guza, a miƙe ta bisa bakin ƙwaryar tana ɗanya, a kafe ta, a huda ɗan rami a gefe don amo ya fita. A soka sanda ta ratsa ƙwaryar. Tsarkiyar kuwa gashin wutsiyar doki ne, a tsefe shi a jera shi, domin in gashi ɗaya ya fi sauran sako-sako sai murya ta yi ƙaiƙayi. Ana ɗora ta bisa ɗan itacen da ake kira jaki, a goga ƙaro a jikinta da jikin abin gogawa don su kama juna. In ana son murya ta hau, a matsa jaki ko a cusa ɗan ƙaho a gindin tsarkiya. Ma'aunin mai goge shi ne maƙogwaron mawaƙi da abin da kunnensa ya riƙe daga maigidansa. Da damina fata kan saki, sai a kanga ta ga wuta ko a shanya ta a rana kafin wasa. Da bazara kuwa ana ɓoye ta a inuwa cikin zane don kada ta fashe.

Kalangu, wanda aka san shi da mahauta, dabararsa daban ce. Igiyoyin fata ne suka haɗa bakinsa biyu, makaɗi na matse su a hammata yana saki, murya na hawa da sauka kamar maganar Hausa. In igiya ɗaya ta fi ƴan'uwanta tsauri, kalangu ba zai faɗi kirari daidai ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an daidaita. Tenden Abzinawa turmi ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaure da taɓare biyu da mata ke zama a kai don fata ta miƙe, ana yayyafa mata ruwa ana cikin kiɗa. Goge na neman wuta, tende na neman ruwa, kuma sanin gwargwadon kowanne shi ne ilimin.

A tarihin Kurfai wannan aiki ba wasa ba ne. A wurin masu bori kowane iska da taken kiɗansa, kuma a ganinsu in goge bai faɗi taken daidai ba, wanda ake kira ba zai zo ba. A 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskokin da aka kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon sojoji da kumandojin Nasara. Abin ya tada hankalin masu mulkin mallaka har kumandan Crocicchia ya sa aka kama mabiyanta. Daga nan Hauka ta bi ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Ankara, aka nuna shi a 1955. Mai nazarin wannan tarihi ba zai iya raba shi da kiɗa ba.

Abin da ke shirin ɓacewa

Kayan aiki na farko su ne ke ƙaranci. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya halaka dabbobi masu yawa, babur kuma ya karɓi aikin doki, don haka gashin wutsiya ya yi wuya, wasu masu molo da gurumi suka koma ga zaren nailan na masunta. Guza na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 1975, kuma a nan gida akwai doka mai lamba 98-07 ta 1998 kan farauta da kare namun daji. Masu piyano ma sun ga irin wannan: da hauren giwa ake lulluɓe fararen maɓallai, amma tun kafin a hana cinikinsa a 1989 aka fara komawa ga roba. Bambancin shi ne su sun yi gwaje-gwaje sun rubuta sakamako, mu kuwa kowane makaɗi na lalube shi kaɗai.

Na biyu shi ne magada. Piyanon lantarki ya shiga gidajen biki, kuma muryoyinsa 12 a kafe suke, ba ya iya zamewa tsakanin murya da murya yadda goge ke bin harshe. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yaron da ya tashi da shi, kunnensa zai saba da ma'aunin masana'anta. Rashin kwanciyar hankali da ya addabi jahar Tilaberi tun shekarun 2010 ya kuma rage tarurrukan dare, inda yara ke zama kusa da manya suna koyo.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa in aka yi sakaci. Biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma masunta a tafkin Cadi, ya kai ga mutum guda ne ya rage da ya ƙware a kansa, wato Bukar Tar. A farkon shekarun 2000 marigayi Malam Mamman Barka, tsohon malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya sami tallafin Unesko ya je ya zauna wurinsa ya koya, ya kai biram ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da sai dai a ga biram a rataye ba mai sanin yadda ake ɗaure shi. Imzad, gogen matan Abzinawa, shi kuma Unesko ta sa shi cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, kuma abin da aka rubuta ya haɗa da sanin yadda ake ƙera shi.

Abin yi

Faifai na adana waƙa, amma ba ya koya wa yaro yadda ake miƙe ɗanyar fata, ko yawan gashin da ke yin tsarkiya. Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tun 1989. Ya kamata a bi garuruwan Kurfai da Imanan a rubuta sunayen waɗanda suka iya haɗa goge da kalangu da molo, a ɗauki hoton hannuwansu suna aiki tun daga zaɓen ƙwarya har zuwa ɗaurin ƙarshe, a rubuta sunayen sassan da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. A gwada fatun dabbobin gida da za su iya maye gurbin ta guza, tare da makaɗan da kunnensu zai yanke hukunci. Malaman makaranta da gidajen matasa su gayyace su, a biya su ladan koyarwa kamar kowane malami. Makarantun makafi kuma su duba misalin Montal.

Mai karatu da ke da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya tafi da yaro mai kunne, su zauna su ga yadda ake ɗaure tsarkiya. Da tsohuwar zuma ake magani.