Kafin yaro ya tafi jami'a: giyar da ake sayarwa da sunan magani



Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini ɗansa, ɗan aji biyu a jami'a, wai ciwon ciki da rashin barci. Da na keɓe da yaron sai ya rantse bai taɓa shan giya ba, "maganin basir" kawai yake sha na ƙaramar leda, uku ko huɗu a rana. Na ce ya nuna mini ledar. Ƙarfin barasar da aka rubuta a jikinta ya ninka na giyar kwalba sau da yawa.

Ta wannan ƙofa ake shigo wa 'ya'yanmu. Yaron da ya yi Islamiyya da wuya ya shiga mashaya da ƙafarsa, amma a shagon bakin makaranta za a ce masa ai saiwa ce, tana ƙara kuzari. Mu da muke wannan sana'a mun san sirrin: sassaƙe ne da saiwoyi ake jiƙawa cikin ogogoro. Ɗacin itace ba ya canza hukunci. A Sahihu Muslim, da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) game da yin magani da giya, ya nuna masa ita kanta cuta ce. Ko hukumar NAFDAC a 2024 ta tashi hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe, saboda araharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu.

To, mafita tana son tsari, ba faɗa ba. Ku duba yadda haramcin ya sauka daki-daki: Baƙara aya ta 219, sai Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90.

Tun kafin ya tafi, uba ya zauna da shi ya ambaci abin da sunansa, har ya koya masa karanta jikin kwalba. Kunya a nan ba ta da amfani. Ka je da kanka ka ga inda zai kwana da waɗanda zai zauna da su, musamman in ɗakin haya ne a wajen makaranta. Kuɗi kuwa a riƙa turawa mako-mako. Na wata uku a dunƙule fitina ne ga ɗan shekara 18. Ka haɗa shi da wani babba a garin, da kuma 'yan MSSN na makarantar. Makonnin farko ne yaro yake zaɓar abokai, a nan za ku yawaita kira. 'Ya mace ma haka, kar a ce ba ruwanta.

Idan kuma ya riga ya yi nisa, yana sha kullum, kar ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina yau. Yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa, gane-gane da farfaɗiya cikin kwana 2 zuwa 3, har a rasa rai. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Zuma, habbatus sauda da addu'a sai su biyo baya. In kun same shi a sume, musamman in ya haɗa da tiramol ko kodin, ku kwantar da shi ta gefe don kar amai ya shaƙe shi, kar ku ɗura masa komai, ku garzaya asibiti.

Allah ya shirya mana zuri'a. A tura wa sauran iyaye.