Dutsen Uludag: abin da ɗan kasuwa zai sani kafin ya hau kujerar igiya

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke busa ƙura a kasuwannin Ɗan Isa, Birnin Ƙonni, Illela, Jibiya da Maigatari, a ƙasar Turkiyya dusar ƙanƙara ce ke sauka. Sanyin bai hana ƴan kasuwarmu tafiya saro kaya ba. Wanda ya gama zagaya unguwannin Laleli da Merter a Istanbul, sau da yawa yakan ƙarasa birnin Bursa, inda ake saƙa tawul da yadi, ake kuma ɗinka kayan jarirai da na yara. To, a can ne mai masauki kan ce wa baƙonsa ya zo a kai shi dutsen Uludag ya ga ƙanƙara, ya ga masu wasan zamiya.

Gayyata ce ta karamci, ba mu ce a ƙi ta ba. Sai dai mutumin da ya je da jarin shekara guda, kayansa na jiran awo, tikitin komawarsa na da rana, ba zai so ya sauka filin jirgin Yamai da ƙafa cikin filasta ba. Baƙo makaho ne ko yana da ido. Shi ya sa muka tattaro wa masu karatu yadda wurin yake da dokokin da ake bi.

Inda dutsen yake

Uludag a harshen Turkanci na nufin babban dutse. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,543, wato ya ɗara dutsen Bagzan na Ayar, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar da mita 2,022. Tun 1961 gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa. A gindinsa birnin Bursa yake, tsohuwar hedkwatar daular Usmaniyya, wadda ta ci shi a 1326. Har yau ana cinikin siliki a kasuwar Koza Han da aka gina a 1491. Daga Istanbul tafiyar kamar awa biyu ce, ko ta jirgin ruwa ko ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016.

Hanya biyu ake hawa. Akwai titin mota mai yawan kwana, kimanin kilomita 35, wanda in dusa ta sauka jandarma ba sa barin mota ta wuce sai da sarƙa a taya. Akwai kuma motar igiya da suke kira teleferik, wadda aka fara a 1963, aka sabunta a 2014. Tsawon layinta ya kusa kilomita 9, kowane ɗaki na ɗaukar mutum 8, tana tsayawa a tashar Sarialan kafin ta kai unguwar otal-otal, wadda ke kimanin mita 1,800 sama da teku. Daga nan filayen zamiya suke farawa.

Gangara iri-iri ce

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Mutum ya sa takalmi mai tauri wanda ya rufe idon sawu, a maƙala shi a kan dogayen alluna biyu, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro. Wuyar tana wajen tsayawa. Allunan ba su da birki irin na babur. Sabon shiga ana koya masa ya haɗa kawunan allunan a gaba, ya buɗe bayansu, shi ne birkinsa. Wanda bai iya wannan ba, ba shi da abin yi a saman tudu.

Kowace gangara tana da launi a jikin alamarta, kamar yadda ake yi a ƙasashen Turai. Kore ta masu koyo ce, kusan shimfiɗe take. Shuɗi mai sauƙi ce. Ja sai wanda ya iya juyi da tsayawa. Baƙa kuwa ta gwanaye ce, mai tsananin gangara. Abin lura shi ne, kujerar da ta kai mutum sama ba ta tambayarsa ko ya iya. Don haka tun daga ƙasa ake duba taswira a ga launin hanyar da za a sauko ta kanta.

Gefen kowace hanya akwai sanduna da raga. Abin da ke bayansu ba a gyara shi ba. Akwai duwatsu da kututture da ramuka da dusa ta lulluɓe, a wurare masu tsayi kuma dusar kan zaftaro ta binne mutum. Ƙetare raga don ɗaukar hoto ya jefa baƙi da yawa cikin wahala.

Yanayin sama ba na gari ba ne

Duk mita dubu da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan in Bursa tana digiri 8, a unguwar otal-otal an sauka ƙasa da sifili. In iska ta haɗu da sanyin, musamman a kan kujera inda ba abin da ya tare ta, yatsu da kunnuwa su ne ke fara mutuwa.

Dusar ma ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta sauko sabuwa laushi gare ta kamar gari. Wadda motocin gyara suka daddale cikin dare ita ce ta fi daɗi ga mai koyo. In rana ta narkar da ita, dare ya sake daskarar da ita, da safe sai ta koma kamar gilashi, faɗuwa a kanta kamar faɗuwa a kan siminti ne. Da la'asar kuma takan jiƙe ta yi nauyi, ƙafa ta gaji, a nan gwiwa ke murɗewa. Raunin gwiwa shi ne ya fi yawa ga masu wannan wasa.

Abubuwa biyu ne suka fi sauya wa baƙo shiri a Uludag. Na farko hazo, wanda kan rufe dutsen cikin ɗan lokaci har mutum ya kasa bambance sama da ƙasa. In ya same ka, ka bi sandunan gefen hanya ɗaya bayan ɗaya. Na biyu iskar kudu maso yamma da mutanen Bursa ke kira lodos. In ta yi ƙarfi akan dakatar da teleferik. Saboda haka mai jirgin dare kada ya hau dutse ran tafiyarsa. Akwai kuma shekarun da dusar kan makara har cikin Janairu, sai a tambaya kafin a biya kuɗin mota.

Hasken rana ma abin tsoro ne. Sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona ido da fata. Mu da muka saba da ranar Sahel mukan raina wannan, amma wuni guda ba baƙin tabarau ya isa ya sa idanu zafi da hawaye har kwana biyu.

Dokokin kujerar igiya

Kujerar da Turkawa ke kira telesiyej aikinta kamar na guga da igiya ne, sai dai ba ta da ƙarshe. Igiyar ƙarfe ce ke zagaya manyan ƙafafu biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kujeru na rataye a jikinta. Ba ta tsayawa ta jira fasinja. Tsohon samfuri na tafiyar kamar mita 2 a daƙiƙa, da wannan gudun kuma take ɗaukar mutum. Sabon samfuri na kai mita 5 a daƙiƙa, amma yakan saki igiya ya rage gudu a cikin tasha.

Kafin a shiga layi, a gyara sutura. Wannan ya fi shafarmu. Babbar riga, jelar rawani, dogon mayafi da gyale duk suna iya sarƙewa a jikin ƙarfe, kujera ta ja mutum lokacin sauka. Hajiya ta cusa bakin mayafinta cikin rigar sanyi, Alhaji ya bar malum-malum a masauki. Jakar baya a sauke ta a rungume a gaba. Igiyar sanduna a zare ta daga wuyan hannu, a riƙe su biyun a hannu ɗaya.

In wannan ne hawanka na farko, gaya wa ma'aikacin tasha, ko da da hannu ne. Yana da maɓallin rage gudu da na tsayarwa. Idan layinka ya zo, ka matsa zuwa alamar da aka zana, ka waiwaya ka ga kujera, ka zauna har bayanka ya jingina. In ka makara, bar ta ta wuce, wata na tafe.

Da an tashi, a sauke ƙarfen kariya, amma a faɗa wa na kusa tukuna kada ya buge masa kai. Ba a lilo, ba a miƙewa tsaye, ba a leƙawa ƙasa. Abin da ya faɗi, ko waya ce, a bar shi. A ƙasashen Turai da dama yaron da bai kai mita 1 da santimita 25 ba sai da babba a gefensa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko ina.

Kujera takan tsaya a tsakiyar hanya, galibi don wani ya faɗi a tasha. A zauna a jira. Ko ta daɗe, ma'aikata na da hanyar sauko da mutane da igiya. Ƙasa takan yi kamar kusa saboda farin dusa, alhali da nisa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba su fitar da shi.

Wajen sauka, kada a ɗaga ƙarfen kariya sai an ga alamar da ta ce a ɗaga. A ɗaga kawunan alluna sama, a miƙe daidai wurin sauka, a bar wurin nan take, don kujerar baya na tafe da nata mutane. Wanda ya kasa sauka ya zauna abinsa, ma'aikaci zai tsayar da inji. Mai son kallo kawai, ba da alluna ba, ya tambaya ko layin na ɗaukar masu ƙafa, kuma ko yana dawowa da su.

Akwai wani nau'in kuma, teleski, sanda ce mai kama da harafin T da ake sa wa a bayan cinya, ta ja mutum yana tsaye a kan allunansa. Ba kujera ba ce. Wanda ya zauna a kanta ya faɗi.

A kan gangara kuwa, hukumar wasan ta duniya, FIS, ta shimfiɗa dokoki goma tun 1967. Mai gaba shi ke da hanya, na baya shi zai kauce. Kowa ya yi gudun da zai iya tsayawa. Kafin a shiga hanya a duba sama. Ba a tsayawa a ƙunci ko a bayan tudun da ba a hango mutum. Mai tafiya da ƙafa ya bi gefe. In hatsari ya faru, dole a taimaka, kuma a ba da suna, ko shaida ne kawai. Lambar gaggawa a Turkiyya ita ce 112. Zama a kan leda a sulalo cikin hanyar masu alluna kuwa, neman karaya ne. Akwai filin da aka ware wa masu keken zamiya.

Lissafin aljihu

Kuɗin teleferik daban, katin hawa kujera daban, hayar alluna da takalmi da hular kwano daban. A tambayi kujerun da katin ya ƙunsa kafin a biya. Daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ɗaliban Turkiyya na hutun mako biyu, lokacin layi kan yi tsawo, farashi ya hau. Awa ɗaya ko biyu da malamin koyarwa ta fi duk abin da za a kashe amfani.

Babban abin dubawa shi ne inshora. Takardar da aka saya don neman biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan ƙanƙara. Aikin gwiwa a asibitin kuɗi na iya cinye ribar tafiyar har ya taɓa uwar kuɗi, ga kwanakin jinya, ga sauya tikiti. A karanta takardar tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai kwana a kan dutse ya nemi matakalar gudun gobara tun kafin ya ajiye jaka. Ran 21 ga Janairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otal na wurin zamiyar Kartalkaya da ke lardin Bolu, mutum 78 suka rasu.

Ga masu dilar gwanjo

Wanda bai taɓa zuwa Turkiyya ba ma, kayan wannan wasa sun sha ratsa hannunsa. Rigunan sanyin da ke fitowa cikin dilar gwanjo, waɗanda ƴan kabu-kabu da direbobi ke nema da hunturu, wasunsu na masu zamiya ne. Ana gane su da ɗan aljihu a hannun hagu, wurin sa katin kujera, da zik a ƙarƙashin hammata, da wani zane mai roba a ciki daidai ƙugu wanda ke hana dusa shiga. In an ga an rubuta 10,000 mm ko fiye a jikin lakabi, ma'aunin hana ruwa ne. Irin wannan riga tana tare iska da ruwa, tana aiki har da damina, bai kamata a haɗa ta kuɗi ɗaya da sauran ba. Mai shirin tafiya kuma ya ware wa kansa guda, da safar hannu da hular ulu. Kada ya dogara da shadda, domin auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa.

Ga shawararmu. Wanda aka gayyata ya je, ya hau teleferik, ya sha shayi, ya ga ikon Allah. In zuciya ta raya masa ya gwada alluna, ya fara da malami, a kan kore, da hular kwano a kai. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi da kayansa lafiya.