Tsara Fassarorin Baibul na Hausa da ke Intanet Domin Nazarin Harshe: Misali daga Bauchi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin rubutun boko kan faro lissafinsu ne daga Hukumar Fassara da gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Sai dai tun shekaru fiye da saba'in kafin wannan gasa ake buga sassan Baibul da Hausa. A yau da yawa daga cikin waɗannan ayyuka suna intanet, amma a warwatse. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna hanyar tsara su, yadda za su amfani mai nazarin harshe, musamman a wuri irin Bauchi.

2.0 Matakan Fassarar

Matakin farko na J. F. Schön ne, wanda ya shiga ayarin binciken Kogin Kwara a 1841. Ya buga Linjilar Matta a 1857, da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. Babban majingininsa shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila. Saboda haka Hausar waɗannan littattafai tana ɗauke da karin harshen mai ba da bayani da kuma kunnen Bajamushen da ya rubuta.

Mataki na biyu shi ne cikakken Baibul na 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a aikinsa. Na uku shi ne sabuwar fassarar 1979 ta Ƙungiyar Baibul ta Nijeriya. Daga baya kuma aka sami Sabon Rai Don Kowa.

3.0 Matsayin Bauchi

Jihar Bauchi na cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Akwai Sayanci a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Jaranci, da Geranci a kewayen birni, da Miyanci a Ganjuwa, wanda Russell Schuh ya buga nahawunsa a 1998. A majami'u da dama na birnin Bauchi, kamar na ECWA da COCIN, da Hausa ake wa'azi da karatu, alhali masu sauraro da yawa ba Hausa ce harshensu na farko ba. Ke nan Hausar Baibul ta zama ɗaya daga hanyoyin da rubutacciyar Hausa ta shiga gidajen waɗannan al'ummomi. Mai son gano kalmomin addini da Sayanci ya aro daga Hausa, dole ya san bugun da aka karanta wa masu harshen, da lokacin da aka karanta shi.

4.0 Hanyar Tsarawa

Abu na farko shi ne shekara. Manhajoji irin su YouVersion kan jera fassarori daban-daban a ƙarƙashin sunan Hausa, shi kuwa Internet Archive hotunan tsofaffin bugu yake ajiyewa. Ya wajaba kowane matani ya sami katinsa, mai ɗauke da shekarar fassara, da shekarar bugu, da mai fassara, da maɗaba'a, da ranar da aka sauko da shi. Wanda ya ɗauki shekarar sake bugu a matsayin shekarar fassara, zai jingina wa wani zamani Hausar da ba tasa ba.

Na biyu shi ne ƙa'idar rubutu. Bugun 1932 ya rubuta sunansa Litafi, na 1979 kuwa Littafi. Haka nan tsofaffin bugu sun riga haruffa masu lanƙwasa, kuma na'urar da ke mayar da hoto rubutu takan karanta ƙ a matsayin k. Wanda ya nemi ƙasa sai ya tarar an haɗe ta da kasa. Maganin wannan shi ne ajiye kwafi biyu, ɗaya kamar yadda aka buga, ɗaya daidaitacce don nema, ba tare da an taɓa na asalin ba.

Na uku, wanda ya fi sauran amfani, shi ne lambar sura da aya. Da yake kusan dukkan fassarori tsarin lamba ɗaya suke bi, ana iya jera aya guda a layi guda, daga Schön zuwa yau, sannan a ƙara gurbin kowane harshen Bauchi da aka fassara wani sashe a cikinsa. A irin wannan jadawali ake ganin zaɓin kalma ƙarara, kamar Kristi a bugun 1932 da Almasihu a na 1979, inda aka koma ga kalmar da Hausa ta aro daga Larabci.

5.0 Kammalawa

Fassara ba maganar yau da kullum ba ce, domin ginin jimlar harshen asali kan bi ta. Don haka bai dace a kafa hukunci a kan Bausanci da ita kaɗai ba, sai an gwada da maganar baka. Amma idan aka tsara waɗannan matanai bisa shekara da ƙa'idar rubutu da lambar aya, sassan harsunan Nijeriya za su mallaki rumbun da ke nuna sauye-sauyen rubutacciyar Hausa na fiye da shekara 160.