Lambobin da ke gefen sunan mai bincike: me suka shafe mu da shi?

  Yau maganarmu kan masu binciken antibayotik ce, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da yadda ake auna aikinsu.

In ka rubuta sunan farfesa a Google Scholar, za ka ga jerin takardun da ya wallafa, da lambobi a gefe. Ta farko ita ce ambato: sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubutun. Ta biyu ma'aunin h, wanda wani masanin fizis, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. In aka ce h ɗinka 20, to kana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Ka ga tara takardu kawai ba ya ɗaga shi, sai in ana amfani da su.

Misali a nan gida: Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan. Tun 1999 ita da abokan aikinta suka wallafa takarda kan dalilan da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani a ƙasashe irin namu: sayen magani ba takardar likita, daina sha da zarar an ji sauƙi, magani marar inganci, rashin tsafta. An ambaci ayyukanta sau dubbai. Amma duba abin da ta lissafa, ai labarin kemis ɗin unguwarmu ne, inda mutum zai sayi kafso biyu don kuɗinsa iya nan ya kai.

Kuma maganar ta rai ce. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Mu 'yan Zamfara ba mu manta da sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016 ya shiga 2017 ba. Allurar antibayotik aka riƙa yi wa waɗanda suka kamu. Ranar da ta daina ci, me za a ba yaron da aka kawo asibitin Zurmi wuyansa a sanƙare?

Sai dai lamba ba ta faɗin komai. Alexander Fleming ya wallafa bayanin fenisilin a 1929, kusan shekara goma ba a kula shi sosai ba, sai da Howard Florey da Ernst Chain suka ɗauki aikin a Jami'ar Oxford. A 1945 su ukun suka karɓi kyautar Nobel. A ɗaya gefen kuma, mutum na iya yi ta ambaton kansa don lambarsa ta kumbura. Haka takardun da ke nuna bagaruwa ko sabara na kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji: mataki ne na farko, bai kai a ce ta warkar da mutum ba.

Saboda haka ni in an ce wane "babban mai bincike ne", abu uku nake tambaya. Su wa suka ambace shi? An gwada abin a jikin marasa lafiya? Ya canza abin da likita ke rubutawa?

Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga aiki a ƙofar gida: wace ƙwayar cuta ce ke yawo a asibitocinmu, wane magani ne har yanzu ke cin ta? Likitan Shinkafi na buƙatar wannan amsar tun kafin wani ya ambace ta.

Sauranmu kuma, kar mu sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, mu kuma sha yadda ya ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu lafiya.