Giwa da Mai Kiwonta: Amana ce ko Ƙangi?

Wanda ya tashi a Zakka, ko a ƙauyukan Safana da Batsari da ke bakin dajin Rugu, ya fi sanin giwa a baki fiye da a ido. Tana cikin kirarin sarakuna, tana cikin karin magana, har muna cewa sawun giwa ya danne na raƙumi. Ita kanta dabbar ta yi mana nisa. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce akwai garken da ke kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, da dazuzzukan wannan ɓangaren iyaka, amma noma da saran itace da farauta sun ƙuntata wa giwa a yankin baki ɗaya. Yau matasanmu a waya suke ganinta: ga wani ɗan siririn mutum zaune a wuyanta, ya taɓa bayan kunnenta da yatsun ƙafa, sai ta durƙusa 'yan yawon buɗe ido su hau. Me ya haɗa su har dabba mai wannan ƙarfi take bin umarninsa?

Horar da giwa tsohon abu ne. Ɗan makarantar allo ma ya san labarin Abrahata, wanda ya tunkari Ka'aba da giwa a shekarar da aka haifi Manzon Allah (SAW). A Indiya da Bama da Tailan sana'a ce ta gado. Giwa kan kai shekara 60 zuwa 70, saboda haka yaron da aka danƙa wa 'yar giwa tare suke tsufa. Shi ke kai ta rafi ya cuɗa mata jiki, shi ke duba tafin ƙafarta, shi ke nemo mata ci, ga shi babbar giwa kan cinye kusan kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Ita kuma ta san muryarsa da warin jikinsa, ta haddace kalmomin umarni masu yawa. A 2023 wani fim na Indiya ya ci kyautar Oscar a kan Bomman da Bellie, waɗanda suka raini marayan giwa mai suna Raghu a sansanin Theppakadu na jihar Tamil Nadu. Shaƙuwar ta gaske ce, ba wasan kwaikwayo ba.

Sai dai kasuwa ta shiga tsakani. A 1989 Tailan ta haramta saran itace a dazuzzukanta, giwayen da ke jan gungume da masu su suka wayi gari babu aiki, sai suka koma ɗaukar baƙi da yin wasanni. Kafin giwa ta yarda baƙon da ba ta sani ba ya hau bayanta, a wurare da dama sai an raba ta da uwa tun tana ƙarama, a ɗaure ta a matsattsen keji, a yi ta horo da ƙugiyar ƙarfe har zuciyarta ta mutu. Su ma masu kiwon sun canza. A sansanoni da yawa ɗan gado ya ba da wuri ga ɗan ƙwadago mai ƙaramin albashi, wanda bai daɗe da dabbar ba, bai san halinta ba. Irin wannan shi ya fi dogara da ƙugiya, kuma shi ya fi shiga haɗari idan toron giwa ya shiga lokacin zafin barbara. Da annobar korona ta tsayar da baƙi a 2020, masu kiwo da dama suka kora giwayensu a ƙasa zuwa ƙauyukansu na asali, domin babu kuɗin ciyarwa.

Ƙasar Hausa ta san waɗannan fuskoki biyu. Mun ga makiyayin da zai kira saniya da sunanta ta ratso garke ta zo, mun kuma ga gardi yana jan kura da sarƙa, baki a takunkume, yara na biye ana kiɗa. Dukansu dabba na biyayya, amma ɗaya sabo ne da amana, ɗaya kuwa tsoro ne da ƙarfe.

Afirka ma ta gwada hanyar ƙangi. Wajen 1900 Turawan Beljiyam suka buɗe wurin horar da giwaye a Api, cikin ƙasar Kongo, daga baya aka koma Gangala-na-Bodio, ana kamo 'ya'yan giwa daga garke a koya musu noma da jan kaya. A kudancin nahiyar an yi ta hawan giwa don nishaɗi, har Botsuwana ta daina a ƙarshen 2016. Kenya ta bi wata hanya dabam. Gidauniyar Sheldrick, da aka kafa a 1977, tana rainon marayun giwa a gefen Nairobi. Masu rainon suna kwana ɗaki ɗaya da su, suna ba su madara bayan kowane awa uku, dare da rana. Ana sauya musu mai kwana da gangan, domin an gano cewa idan maraya ya shaƙu da mutum ɗaya, ranar da ya rasa shi baƙin ciki kan iya kashe shi. Baƙi suna zuwa kallo na ɗan lokaci, ba hawa, kuma ƙarshen rainon shi ne a mayar da giwar cikin dajin Tsavo. A wurin rainon marayun giwa na Reteti, da aka buɗe a 2016, makiyayan Samburu ne da kansu suka mallaki wurin suke kuma cin moriyarsa.

Mu a Arewa abin da ya rage mana mai tsoka shi ne garken Yankari a jihar Bauchi, dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962. Giwayen can ba wanda ya hore su, amma suna da masu riƙon amanarsu: masu gadin daji da ke sintiri a ƙasa, da mutanen ƙauyukan kewaye da aka ɗora wa aikin sa ido, su buga waya idan garke ya doshi gonaki kafin ɓarna ta jawo ramuwa.

Dajin Rugu kuwa, maganar baƙi ba ta taso ba sai zaman lafiya ya dawo, manomi ya koma gonarsa ba fargaba. Idan Allah ya kawo wannan rana, kada mu yi sha'awar shigo da hawan giwa, abin da masu shi suke bari. A kare dajin, a ɗauki 'ya'yan Zakka da Runka da Batsari aikin gadinsa, a biya su a kan lokaci. Mai karatu kuma, in tafiya ta kai ka inda ake hawan giwa, tambayi yadda aka samo ta da nawa ake biyan mai kiwonta kafin ka zaro kuɗinka.