Minna: Garin Da Jirgin Ƙasa Ya Raya, Manyan Motoci Suka Gada

Duk wanda ya ratsa unguwar Sauka Kahuta da ke birnin Minna, maƙwabciyar Barkin Sale da Kpakungu, zai ga shagunan kayan gini, da garejin makanikai, da masu sayar da abinci a jere bakin titi. Sunan unguwar Hausa ce tsantsa, wato "sauka ka huta", irin lafazin da ake tarbar matafiyi da shi, kuma ya dace da garin da baƙi da fatake suka raya.

Asalin Minna ƙauyen Gbagyi ne a kan tudu. Abin da ya sauya mata fasali shi ne hanyar jirgin ƙasa da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Baro, a gaɓar kogin Neja, zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911. Bayan 'yan shekaru hanyar da ta taso daga Ikko ta Jebba ta haɗu da ita a Minna. Nan take garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da doya da kaɗanya. Hausawa da Nupawa da Yarabawa da Ibo suka yi ta kwararowa, aka kafa unguwanni irin su Limawa da Sabon Gari. Tashar jirgin da tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe suna nan har yau, ko da yake da yawansu sun ji jiki.

Ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 ya mai da Minna hedkwata. Sakatariyar gwamnati da gidajen ma'aikata suka tashi, sannan aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, wadda ke da harabobi a Bosso da Gidan Kwano. Albashi da kuɗin hayar ɗalibai suka zama sabon jinin kasuwa, har aka gina babbar kasuwar zamani mai ɗauke da sunan Abdulƙadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007.

Sai dai a daidai lokacin da garin ke faɗaɗa, jirgin da ya haife shi yana ja da baya. Reshen Baro ya daɗe da daina aiki, kuma tashar jiragen ruwa ta Baro da aka ƙaddamar a watan Janairun 2019 ba ta farfaɗo da fataucin da aka yi fata ba. Kayan da a da ake lodawa a taragu sun koma kan tirela da tanka, nauyinsu kuwa hanyoyin Bida da Suleja ne ke ɗauka. Duk ramin da ya ɓalle a waɗannan hanyoyi, manomin doyar Paiko ne ke biyan kuɗinsa, domin dillali daga farashin gona yake cire tsadar mota.

Haka batun kaɗanya, wadda Neja ke kan gaba wajen samar da ita a Nijeriya. Shekara da shekaru ana kwashe ta ɗanya, ribar sarrafa ta zuwa man kaɗe tana tafiya wasu wurare. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da hana fitar da ɗanyar kaɗanya na tsawon wata shida don a sarrafa ta a gida. Amma masana'anta sai da wuta tsayayya, kuma abin mamaki, jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, masu walda da injin niƙa a Sauka Kahuta ba su rabu da janareto ba.